Shekarar da Na Tona Asirin Yaya Mairo

Da sunan Allah na fara, shi ne ya san abin da ke cikin zukata. Wannan babin naku ne ku duka, amma Bilki, ke na fi nufi da shi, don haka ki zauna ki karanta har ƙarshe, ban da irin karatun nan naki na tsallake-tsallake. Ranar sadakar bakwai ɗin Yaya Mairo, kina naɗe tabarmi, na ji kin ce ma wata mata, "Umma ta tafi da abin da Inna ta yi mata a rai." Kin ɗauka ban ji ba. Kunnena ɗaya ne ya mutu, kuma ba shi ne ke gefenki ba ranar. Ban tanka ba don gidan makoki ne, amma maganar ta biyo ni har gida ta zauna da ni wata da watanni. Abin da kuka sani rabi ne. Kun san na tona asirin yayata, kun san an yi mata aiki an cire mahaifa, kun san ta shekara biyu ba ta taka gidana ba. Sauran rabin mutum biyu ne kawai a dangi suka san shi, ɗayar kuwa tana kabari.

Yaya Mairo ta girme ni da shekara goma cif. A gidanmu na Ƙofar Guga ita ta goya ni, ita ta yi mani kitson farko, ita kuma ta fara dukana. Ta auri Malam Lawal mai gyaran keken ɗinki a Ƙofar Kwaya, suka zauna shekara da shekaru, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Ba irin jiƙon da ba ta sha ba, ba irin hayaƙin da ba ta tsuguna ma ba. Da na yaye ki, Bilki, ban yi shawara da kowa ba sai babanku, na ɗaure maki kayanki a ɗankwali na kai mata ke. Shi ya sa kike ce mata Umma, ni kuma Inna, kuma ban taɓa jin haushin haka ba ko sau ɗaya. Mace ce mai jiki, fata sumul, ba ka ganin shekaru a fuskarta. In an tambaye ta shekarunta sai ta ce arba'in da 'yan kai, kuma ta fi shekara goma sha biyar tana ba da wannan amsar.

Ni kuwa aikina kun san shi sama-sama, wai Inna tana lab, ɗakin gwaje-gwaje na asibiti. Bari in gaya maku abin da nake yi a lab ɗin, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane laifina ba. Idan mace ta zo gwajin bakin mahaifa, nas ce ke shafo ɗan abin da ke wurin da wani ɗan tsinke mai faɗin kai, ta goga a kan siririn gilashi, a kawo mamu. Mu rina shi, in sa shi a ƙarƙashin madubin nan mai ƙara girman abu in bi ƙwayoyin halittar da ke kai layi-layi. Ƙwayoyin bakin mahaifa masu lafiya faɗi gare su, a shimfiɗe suke, wasu ja-ja wasu shuɗi-shuɗi, kowace da ɗigo ɗaya a tsakiya. Abin da muke farauta shi ne waɗanda suka fara lalacewa tun kafin su zama sankara. Amma wani lokaci sai ka ci karo da baƙi, wasu 'yan ƙanana masu duhu, a cure wuri ɗaya kamar dunƙulen daddawa. Waɗannan ba 'yan bakin mahaifa ba ne. Daga can ciki suka gangaro, daga shimfiɗar nan ta cikin mahaifa wadda ke zubewa duk wata ta zama jinin al'ada. In mace tana cikin shekarun al'adarta kuma ba ta daɗe da yin wanka ba, ganinsu ba komi ba ne, saura ne. In kuwa ta manyanta, al'ada ta ɗauke mata, to ba su da abin da ya kawo su nan. Sau da yawa in an bincika ba a samun komi, amma wani lokaci su ne alama ta farko cewa sankara ta fara kama cikin mahaifar. Ba don wannan ciwon aka ƙirƙiro gwajin ba, tsintuwa ce kawai ake yi. Saboda haka gilashi shi kaɗai ba ya isa. Dole ka haɗa shi da layi biyu na jikin fom, shekarun matar da ranar da ta ga jini na ƙarshe.

A shekarar da nake ba ku labari, asibitinmu ya ware sati guda na gwaji kyauta. Wadda ke ɗaukar gwajin ita ce Sista Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna, aminiyata, wadda muka fi shekara ashirin muna cin abincin rana a kwano ɗaya. Kwana biyu tana zaune, benci fayau, matan unguwa sun ƙi zuwa. Sai na ce na san maganinsu. In Yaya Mairo ta je, rabin matan Ƙofar Kwaya za su bi bayanta, don ita ce uwar adashinsu kuma ita ce mai wankan jegon unguwar. Na same ta tana tankaɗe.

"Ni da ban haihu ba, mi za a leƙa a jikina?" in ji ta.

"Ba don ke ba, Yaya, don su. Ki shiga ki fito ki ce masu ba zafi."

"Ke dai Dije, in kika kafa ma mutum ƙahon zuƙa sai ya yi."

Ta je. Suka bi ta kuwa, har da waɗanda ba a gayyata ba. Kafin sati ya ƙare gilasai sun cika mani tebur, ina dubawa tun safe har idona ya riƙa ganin ɗige-ɗige a jikin bango. Likitan da ke saman mu sau ɗaya yake zuwa a sati, kuma waɗanda na ware mashi kawai yake dubawa. Na tuna gilashin sarai. Bakin mahaifa tas, sai can gefe na ga dunƙulen nan guda biyu ko uku. Na ja fom na duba layukan nan biyu. Shekara arba'in da uku, jini na ƙarshe kwana takwas da suka wuce. Na ce saura ne. Na rubuta ba matsala, na sa hannu, na jawo na gaba. Suna ban kalla ba. Ko da na kalla, Maryam Lawal aka rubuta, kuma a satin nan Maryam ta fi biyar.

Amma kada ku yi mani uzuri da wannan, don Allah ya sake ba ni dama na zubar. Ni da kaina na tsamo takardar Yaya daga cikin tarin na kai mata har gida. A tsakar gida na buɗe, idona ya sauka kan shekarun, na fashe da dariya.

"Yaya, arba'in da uku? To ni ke nan talatin da uku. Ashe da sauran yarintata ban sani ba."

"Bakinki dai ba ya gajiya. Ta tambaye ni, na ce arba'in da 'yan kai. Ita ta zaɓi 'yan kan."

"To ga shi nan, lafiyarki lau."

Layin da ke ƙasan shekarun, wanda ya ce ta ga jini kwana takwas kafin gwaji, yana nan a gaban idona, yatsana ma yana kai. Ban karanta ba. Tsokana ta ɗauke mani hankali. Ta karɓi takardar ta ninke ta sa a jaka, ta zuba mani kunun gyaɗa, muka shiga hirar wasu.

Wata huɗu bayan haka azumi ya kama. Wata rana bayan azahar na tashi daga aiki na biya ta wurinta, na yi sallama a zaure ban jira amsa ba na ɗaga labule. Sai ga Yaya a bayan ƙofa, a tsugune, moɗa a bakinta.

"Yaya! Azumin fa?"

"Rufe mani baki, ja'ira. Saki labulen nan."

"Ba ki da lafiya ne?"

"Sai kin rantse ba za ki gaya ma kowa ba. Ko Malam, ko Bilki."

Na ɗauka wata 'yar magana ce, olsa ko jiri, na ce wallahi ba mai ji daga bakina. Sai ta sunkuyar da kai ta ce fashin salla take. Na buɗe baki zan yi dariya, dariyar ta maƙale. Shekara bakwai kafin nan tare muka je aikin hajji. Ina haɗiyar ƙwayoyin nan da mata ke sha don kada al'ada ta ɓata masu ɗawafi, ita tana yi mani dariya tana cewa ita kam ta huta da wannan wahalar, shekara guda ke nan rabonta da jini. Na zauna a bakin gado. Na tambaye ta tun yaushe. Ta ce ya kusa shekara, yakan zo ɗan kaɗan, kwana biyu ko uku, ya ɗauke, wani lokaci ruwa-ruwa. Na ce wa ta gaya ma. Ta ce ta tambayi malamarsu ta Islamiyya, amma da sunan wata ƙawarta ce ta aiko ta, malama ta ce in dai ya yi kama da jinin da ta saba gani, ta ajiye salla har ya ɗauke. Ban ga laifin malamar ba. Hukuncin salla aka tambaye ta, shi ta amsa. Haka matanmu suke, in jini ya zo masu a lokacin da bai kamata ba, abin da ke fara zuwa ransu shi ne sallarsu da azuminsu, asibiti ba ya ma cikin lissafi.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne fuskarta. Na zaci tsoro zan gani, sai na ga murna, wata 'yar murna mai kunya da take ƙoƙarin ɓoyewa.

"Ba wai ina sa rai ba ne, Dije, ni ba mahaukaciya ba ce," in ji ta. "Amma dai ashe mahaifar ba ta mutu ba. Ashe da sauran motsi a cikinta."

Wallahi tausayinta ya kama ni. Na yi mata sallama na fito, na hau babur.

Da safe na kira Rifkatu muka buɗe rajista, muka bi lamba har muka zaro gilashin daga akwatinsa. Na sa shi a madubi. Dunƙulen suna nan inda na bar su. Amma yanzu da na san mai su shekararta hamsin da bakwai, sai na ga abin da ban tsaya na gani ba a da, wasu ɗigon sun ɗan fi 'yan uwansu girma, sun ɗan fi duhu. Idon dai shi ne, gilashin shi ne. Na ja fom na ga sa hannuna a ƙasa, har da 'yar jelar nan da nake ja mashi don gayu. Rifkatu ta dafa kafaɗata.

"Hajiya, ni na cika fom ɗin. Na tambaye ta yaushe ta ga jini, ta faɗa mani gaskiya. Ban tambaye ta ko ya taɓa ɗaukewa ba. Wa zai kalli babbar mace kamar Mama Mairo ya yi mata wannan tambayar? Bari in ce ma likita kuskurena ne."

"Ke ba ki je hajji da ita ba, Rifkatu. Ni na je."

Na ɗauki gilashi da fom na kai ma likita da kaina. Yaro ne, a haife na haife shi, ni na koya mashi rini lokacin yana ɗalibi. Ya duba ya daɗe, ya ɗago bai ce mani komi mai zafi ba, kuma da ya zage ni da ya fi mani sauƙi. Ya ce a kawo ta cikin satin nan a yi hoto, a ɗebo ɗan nama daga cikin mahaifar a duba. Daga ranar, wata shida cur, duk gilashin da na duba sai wani ya sake dubawa kafin takarda ta fita. Ni da ake kawo ma masu wuya. Na haɗiye, don na san na ci hakan.

Na koma wurin Yaya na yi mata bayani dalla-dalla, kamar yadda na yi maku a sama. Ta saurare ni tana tsince wake.

"Ke kika kawo mani takarda har gida kika ce lafiyata lau. To wace Dijen zan yarda da ita, ta wancan watan ko ta yau?"

"Ta yau, Yaya. Ta wancan watan ba ta yi aikinta ba. Ni na duba gilashinki, ni na sa hannu. Ɗauko takardar ki gani."

Ta tashi ta ɗauko. Ba ta iya karatun boko ba, amma ta san jelar nan tawa. Ta daɗe tana kallonta, sannan ta ninke takardar ta tura cikin rigarta. Ta ce ta ji, a bari sai bayan salla. Bayan salla ta ce tana ramuwar azumi. Bayan ramuwa ta ce ɗiyar maƙwabciyarta ta haihu, ba mai yi mata wanka sai ita. Kun san ni da zuciya. Zuwa na huɗu na daka mata tsawa a ɗakinta, abin da ban taɓa yi ba tun da aka haife ni, na ce so take ta mutu ta bar mani Bilki da kuka. Ba ta ɗaga murya ba.

"In sun duba cewa za su yi a cire, na san su," in ji ta. "Shekara arba'in ina jiran ta, Dije. Ba zan kwanta a yanke ta a jefa a bokiti ba. Kuma kin rantse."

Na yi kwanaki ina juya abin. Rantsuwa ba wasa ba ce, amana kuma ta fi rantsuwa nauyi, balle amanar wadda ta goya ka. A aikinmu ma an hore mu, sirrin mara lafiya nasa ne. Amma na riga na cinye mata wata huɗu da sakacina, ga wata biyu sun bi baya a kan lallashi, kuma na san abin da ke cikin nan ba ya jiran a gama wankan jego. Na ga ko dai in riƙe amanarta in yi mata wankan gawa, ko in karya ta ta rayu tana jin haushina. Ba zan ce maku na zaɓa da natsuwa ba. Tsoro ne ya tura ni, har da tsoron kada ta mutu da sa hannuna a cikin rigarta. Wannan ma gaskiya ne, kuma gara ku ji shi daga bakina.

Da hantsi na tafi shagon Malam Lawal. Kun san tsakanina da shi wasa ne tun ina yarinya, ba ya ganina bai tsokane ni ba. Yana zaune a cikin kawunan kekuna, ƙamshin man keke ya cika wurin, yana hango ni ya fara.

"A'a, amarya da kanta! Yau an tuna da tsohon miji ke nan? Ina kwana, ina gajiya, ya yaran, ya maigidan naki mai ƙwace?"

Na amsa gaisuwa ban mayar da wasan ba. Ya ajiye sukudireba. Ban iya kallon fuskarsa ba, wani kan keke na kafa ma ido, na faɗa mashi komi da bakin da ban san ina da shi ba, maganar da ko mata sai sun rage murya suke yin ta. Abu ɗaya na tsallake. Ban ce mashi an taɓa gwada ta an ce lafiya lau da hannuna ba. Na ce dai gwaji ya nuna alama.

"Tun yaushe?" in ji shi.

"Ya fi shekara."

"Tare fa muke tashi sahur."

Ya ɗauki tsumma yana goge hannunsa, yana gogewa, hannun ya fita tas bai daina ba. Sannan ya tashi ya ja ƙofar shago ya sa kwaɗo. Abin da ya faru a gidan, Bilki, ke kika gani, ni ban gani ba. Mutumin da bai taɓa tilasta mata komi ba ne. Sai bayan shekaru ya gaya mani abin da ya ce mata. Wai ya zauna a bakin ƙofarta ya ce, Mairo, shekara arba'in ban taɓa roƙonki ɗa ba, wannan ɗaya nake roƙo. Washegari ta sa hijabinta ta bi shi.

Aka ɗebi naman, sakamako ya fito. Sankara ce, amma ba ta kai ga huda bangon mahaifa ba. Aka tura su babban asibiti aka yi aiki, aka cire. Likitan ya ce an zo da sauran lokaci, ni kuwa na san nawa ne daga cikin lokacin nan na zubar da hannuna. Da na je dubiya da kwanon farfesu, ke kika tare ni a ƙofar ɗaki, idonki jajur.

"Umma ta ce ki koma."

Na leƙa ta saman kafaɗarki na ga ta juya fuska bango. Na ajiye kwanon a ƙasa na juya. Ban ji haushinki ba, ɗiyarta ce ke, abin da ya kamata kika yi.

Kuma abin da take tsoro ya faru. Ƙanwar Malam da ta zo jinya ta ji, daga ita magana ta shiga unguwa. Wai ashe Mairo da tsufanta jini take yi, wai tana shan ruwa da rana tsaka a cikin azumi, wasu ma har da cewa ciki take nema a wurin bokaye ya juye mata. Matar da ake kira kafin a kira ungozoma, sai ga ta tana jin kunyar fita sayen kayan miya. Duk daga bakina abin ya faro, ba na musu. Na ciyar da miskinai goma na kaffarar rantsuwa, amma wannan tsakanina da Ubangijina ne, bai gyara tsakanina da ita ba. Shekara biyu in mun haɗu a biki ko suna sai ta amsa mani gaisuwa kamar baƙuwa, lafiya lau, lafiya lau, ta kau da kai. Na sha kuka a kan haka, ni da kuke cewa ba na kuka.

A cikin shekarun nan biyu ne ni da Rifkatu muka ƙara layi ɗaya da biro a ƙasan kowane fom: al'ada ta taɓa ɗaukewa? Rifkatu ta koyi yin tambayar tana kallon ƙasa, ta fara da ba da haƙuri, amma ba ta sake tsallake ta ba. Na kuma je Islamiyyar su Yaya na sami malamar ita kaɗai. Ban ambaci suna ba. Na roƙe ta, duk babbar macen da ta zo da irin wannan tambayar, ko ta ce ƙawarta ce ta aiko ta, a ba ta hukuncin sallarta, sannan a ce mata ta je asibiti a satin. Mace ce mai hankali, ta karɓa. Ta turo mamu mata da dama bayan haka, yawancinsu ba a sami komi ba, suka koma gida suna mita an ɗaga masu zane a banza.

Ranar da Yaya ta zo ba salla ba ce, ba suna ba, wata Talata ce kawai, ina hutu ina tsince shinkafa a tsakar gida. Na ji sallamarta na kusa kifar da faranti. Ta rame, amma tafiyarta na nan. Ta zauna a tabarma muka gaisa, ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya aiki, ya muka ji da zafi, har gaisuwa ta ƙare muka sake ɗauko ta daga farko. Sannan ta zuge jakarta ta fito da wata takarda da ta yi laushi don ninki, ta ajiye a kan shinkafata.

"Ungo kayanki."

Na gane ta tun kafin in buɗe.

"Malam ya tambaye ni wa ya yi gwajin farko ya ce ba komi," in ji ta. "Na ce wani namiji ne, an yi mashi canjin wurin aiki. Bilki ta ce sai ta je asibitin ta yi masu tijara, na ce takardar ta ɓata. Ba wanda ya gan ta. Haka ake riƙe magana, Dije."

Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce, "Yaya, ki yafe mani."

"Wanne? Na takarda ko na shagon Malam?"

"Na takarda. Na shagon Malam kam, ko gobe sai in sake."



"Na sani," in ji ta. "Shi ya sa na daɗe ban zo ba."

Sai ta jawo farantin gabanta ta ce shinkafar nan duk tsakuwa ce, wai mai duba ƙwayar da ido ba ya gani ta kasa ganin dutse. Muka tsince tare har azahar.

Ta yi shekara goma sha huɗu bayan aikin. Ita ta yi maki wankan jego na 'ya'yanki uku, ita ta yi ma Malam jinya har ya riga ta, kuma abin da ya ɗauke ta daga ƙarshe ba shi da alaƙa da mahaifa. Ko ta tafi da abin a rai kamar yadda kika ce? Mai yiwuwa. Ba ta taɓa ce mani ta yafe na shagon Malam ba, ni kuma ban sake roƙo ba, don ba zan nemi yafiyar abin da ban yi nadamarsa ba. Amma ni na tona nata asirin cikin wata biyu, ita ta riƙe nawa har kabari, kuma na gaji da cin wannan rufin asirin ni kaɗai.

Takardar tana cikin ambulan da na manna a bangon baya na littafin nan. Ki buɗe ki duba ƙasa ta hannun dama. Kin san sa hannun, shi ne a jikin duk katin sakamakonki na firamare, tun da Umma ba ta iya ba. Wanda kika so ki yi ma tijara ba a yi mashi canjin wurin aiki ba, Bilki. Yana nan Ƙofar Guga, kuma ba ya zuwa ko'ina da rana. Ki zo, sai dai ki zauna ta gefen kunnen da ke ji.